Kujerar Fafaroma ba ta da magaji, to yaya aka yi ta daɗe haka?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihi, da kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke nan tare da mu. Da aka zaɓi Fafaroma Leo na 14 a watan Mayun 2025, na ji gidajen rediyo suna cewa shi ne na 267 a jerin, abin ya tsaya min a rai. Mutumin nan ba ya aure, ba shi da ɗa, ba Ciroma ba Yarima mai jiran gado. To yaya aka yi kujerar da ba ta da magaji ta doshi shekara 2,000 ba ta rushe ba, alhali dauloli masu gidan sarauta da rundunar yaƙi sun zo sun wuce? Ni dai zargina shi ne ƙasashen Turai ke riƙe da ita, su ke ɗora wanda suke so, shi ya sa kullum Bature ne. Wanda ya sani ya warware mana.

Talatu_Kafanchan:
Sannu Malam Ɗan Fagge. Ni 'yar Katolika ce, bari in faɗi abin da na sani. Ba gado ba ne, zaɓe ake yi. Kadinal-kadinal, wato manyan limaman ikilisiya da Fafaroma ke naɗawa, su ne ke jefa ƙuri'a, kuma sai wanda bai cika shekara 80 ba. A zaɓen 2025 su 133 ne suka shiga ɗakin ibada na Sistine, aka karɓe musu waya aka rufe ƙofa. Sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 89 a wannan karon. Bayan ƙidaya ana ƙona takardun, in baƙin hayaƙi ya fita ba a dace ba, in fari ne an samu. Fafaroma Francis ya rasu ran 21 ga Afrilu, ran 8 ga Mayu farin hayaƙi ya tashi. A bangaskiyarmu jerin ya fara ne daga Manzo Bitrus, wanda aka kashe a Roma zamanin sarki Nero. Asalin muƙamin Fafaroma shi ne Bishop na birnin Roma.

Mai_Shayin_Kwana:
Ashe dai masu zaɓen sarki ne, irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano. Sai dai nan su huɗu ne, can sun haura ɗari, kuma ba gwamnan da za a kai wa suna ya sa hannu.

Malamin_Tarihi_Zariya:
Mai Shayi, rashin gwamnan nan sabon abu ne. Zargin Ɗan Fagge yana da tushe, sai dai ya makara da shekara ɗari da wani abu. A da sarakunan Faransa da Sifaniya da Ostiriya suna da'awar ikon hana a zaɓi wanda ba su so. Karo na ƙarshe da aka yi haka shi ne 1903, lokacin da sarkin Ostiriya Franz Joseph ya aika cewa bai yarda da Kadinal Rampolla ba. Wanda aka zaɓa a maimakonsa, Pius na 10, yana hawa ya haramta wannan al'ada gaba ɗaya.

In muka koma baya abin ya fi haka muni. Daga 1309 zuwa 1377 Fafaroma ba ya ma zaune a Roma, yana Avignon a kudancin Faransa ta yau, kuma mutum bakwai da suka yi mulki a can duk Faransawa ne. Da aka dawo Roma rigima ta ɓarke a 1378, aka wayi gari da Fafaroma biyu, kowa da kadinal ɗinsa da ƙasashen da ke goyon bayansa. A 1409 aka yi taro a Pisa don a raba gardama, aka tashi da na uku. Sai a 1417, a taron Constance, aka share fage aka zaɓi Martin na 5.

Kullewar da Malama Talatu ta ambata ma tarihi gare ta. Bayan rasuwar Clement na 4 a 1268, kadinal-kadinal suka zauna a garin Viterbo kusan shekara uku ba su daidaita ba. Mutanen gari suka gaji, suka kulle su, suka mayar da abincinsu burodi da ruwa, har suka yaye rufin ginin. A 1271 aka samu Gregory na 10, shi kuma a 1274 ya mayar da kullen doka.

Mai_Shayin_Kwana:
Yaye rufi! Wallahi mutanen garin nan sun burge ni. Yunwa ba ta san babban mutum ba.

Ummu_Hanan:
Ni abin da nake son sani, da gaske babu wanda ya taɓa aure a cikinsu? Duk su 267?

Katakis_Malumfashi:
Hajiya, akwai. Bitrus kansa yana da mata, Linjila ta ba da labarin surukarsa da ta kwanta da zazzaɓi Yesu ya warkar da ita. Fafaroma Hormisdas na ƙarni na 6 ya yi aure kafin ya zama firist, kuma ɗansa Silverius ya zo ya hau kujerar daga baya, amma ba kai tsaye ba, akwai wasu a tsakaninsu. Adrian na 2, wanda ya hau a 867, matarsa na raye lokacin da aka zaɓe shi. Hana firistoci aure ya kafu sosai ne a tarukan Lateran na 1123 da 1139. Doka ce ta ikilisiya a ɓangaren yamma. Har yau akwai Katolika na gabas, irin Maronawan Labanon, da firistocinsu ke da iyali.

Bulus_Jos:
Kafin a yi nisa, don Allah 'yan'uwa Musulmi ku lura, ba duk Kirista ke bin Fafaroma ba. Ni ɗan COCIN ne, muna girmama shi a matsayin babban mutum, amma ba shugabanmu ba ne. Haka ECWA da Baptist da Angilikan. Rabuwar ta samo asali ne daga 1517, da Martin Luther ya tashi a Jamus yana sukar sayar da takardun sassaucin horon zunubi da ake yi don tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Leo na 10 ya kore shi a 1521. Ingila kuma ta ɓalle a 1534 saboda Clement na 7 ya ƙi warware wa sarki Henry na 8 aurensa. Kafin wannan duka, gabas da yamma sun raba gari a 1054. Kibɗawan Masar ma suna da nasu Fafaroman, Tawadros na 2. Saboda haka in ana cewa kujerar ba ta rushe ba, gaskiya ne, amma ta yi asarar jama'a ba kaɗan ba.

Sarkin_Gardama:
Tunda an fara, a faɗi duka. Ku nemi labarin Fafaroma Formosus. Ya mutu a 896, bayan 'yan watanni Stephen na 6 ya sa aka tono gawarsa, aka sa mata kayan sarauta, aka zaunar da ita a kujera aka yi mata shari'a. Aka same ta da laifi, aka yanke yatsu uku da yake sa albarka da su, aka jefa ta kogin Tiber. Wannan a 897 ke nan. Benedict na 9 kuwa sau uku yana hawa kujerar, a 1045 ma sayar da ita ya yi. Alexander na 6, ɗan gidan Borgia, wanda ya yi mulki daga 1492 zuwa 1503, 'ya'yansa ba ɓoyayyu ba ne, ɗaya ma Cesare ya naɗa shi kadinal. Wannan ce kujerar tsarkin?

Talatu_Kafanchan:
Sarkin Gardama, ba wanda ya ɓoye waɗannan, a littattafan tarihin ikilisiya ake karanta su. Amma ka tsallake mutum ɗari biyu da wani abu ka ɗauko uku. Na farko-farkon da yawa kashe su aka yi saboda bangaskiya. Leo na 1 ya fita ya tari Attila, sarkin mayaƙan Hun da suka mamayi Italiya, a 452 ba tare da runduna ba, Attila ya juya bai shiga Roma ba. Ba mu taɓa cewa Fafaroma ba ya zunubi ba, shi ma yana zuwa ya furta zunubansa gaban firist kamar kowa.

Sarkin_Gardama:
To ina maganar cewa ba ya kuskure?

Katakis_Malumfashi:
Wannan koyarwa an tabbatar da ita ne a taron Batikan na farko a 1870, kuma iyakarta ƙunci gare ta: sai in ya yi magana a hukumance daga kujerarsa, ga dukan ikilisiya, a kan bangaskiya ko ɗabi'a. Tun daga lokacin sau ɗaya aka yi amfani da ita a wannan siga, a 1950, zamanin Pius na 12, a kan ɗaukar Maryamu zuwa sama. Hirarsa da 'yan jarida a jirgi ba ta ciki.

Mai_Gudanarwa:
Jama'a a ci gaba, amma a kiyaye harshe. Tarihi muke yi, ba wa'azi ba, ba kuma gori ba. Wanda ya zagi addinin wani zan cire rubutunsa.

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Ni ɓangare na biyu na tambayar ya fi damuna. A nan Gana duk zaɓen da za a yi sai an cika mana kunne da sunan Kadinal Peter Turkson, 2013 haka, 2025 haka. Kafin nan a 2005 Francis Arinze na Najeriya ake ta faɗa. Kullum a baki, ba a akwati ba. Ni na cire rai.

Malamin_Tarihi_Zariya:
Ɗan Zongo, an taɓa yin uku da ake danganta su da Afirka: Victor na 1 a ƙarshen ƙarni na 2, Miltiades daga 311 zuwa 314, da Gelasius na 1 daga 492 zuwa 496. Duk asalinsu arewacin Afirka ne lokacin tana ƙarƙashin daular Rumawa, yankin da ya haɗa Tunisiya da gabashin Aljeriya da yammacin Libiya a yau. An kuma yi 'yan Siriya da Girkawa da dama a ƙarnonin farko. Gregory na 3, wanda ya rasu a 741, ɗan Siriya ne, kuma bayansa ba a sake samun wanda aka haifa a wajen Turai ba sai Francis ɗan Ajantina a 2013.

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Allah ya gafarta Malam, ni baƙin mutum nake nufi, mai kama da ni. Shi kansa Francis ai iyayensa asalin Italiya ne.

Hadiza_Maraɗi:
Ku duba yadda abin ke tafiya dai. Daga 1523 har 1978 duk 'yan Italiya ne, shekara 455. Sai ga ɗan Polan, sai Bajamushe, sai ɗan Ajantina, yanzu ga haifaffen Chicago da ya yi shekaru yana aiki a Peru har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar. Huɗu a jere ba ɗan Italiya. Ƙofar tana buɗewa, a hankali ne kawai. Matsalar lissafi ce: a zaɓen 2025 Najeriya duk yawan Katolikanta mutum ɗaya ne ya jefa ƙuri'a, Kadinal Peter Okpaleke, don Arinze da Okogie da Onaiyekan duk sun wuce 80.

Abu_Sumayya:
Ni ba ruwana da launin fatarsa. Abin da ba zan manta ba shi ne Urban na 2 ne ya yi shelar yaƙin 'yan Salibiyya a Clermont a 1095, aka ci Ƙudus a 1099 aka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla. Kuma Nicholas na 5 ne ya ba sarkin Fotugal takardu a 1452 da 1455, ya halatta masa cin ƙasashen waɗanda ba Kirista ba da bautar da mutanensu. Jiragen da suka kwashi bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma da wannan izini suka fake. A riƙa faɗin wannan ma in ana lissafin daɗewar kujera.

Katakis_Malumfashi:
Malam Abu Sumayya, ba zan musa ko ɗaya ba, sun faru. Ƙari kawai zan yi. Gregory na 16 ya la'anci cinikin bayi a 1839, ko da yake ya zo a makare ƙwarai. John Paul na 2 ya tsaya a tsibirin Goree na Senegal a 1992 ya nemi gafara a kan cinikin. A 2023 kuma fadar Batikan ta fito ta nesanta kanta daga aƙidar da aka gina a kan waɗancan takardu. Yaƙin Salibiyya kuwa Kirista ma sun ɗanɗana, don a 1204 rundunar ta huɗu birnin Kustantiniya ta wawashe, na 'yan'uwansu Kirista.

Malamin_Tarihi_Zariya:
Dangantakarsu da Musulmi ba fuska ɗaya gare ta ba. Shekara 19 kafin shelar Urban, a 1076, Gregory na 7 ya rubuta wa sarki al-Nasir na Bijaya, a Aljeriya ta yau, wasiƙar girmamawa, yana cewa su biyun Allah ɗaya suke bauta wa ko da hanya ta bambanta. Shi ne kuma Fafaroman da ya bar sarkin Jamus Henry na 4 tsaye cikin ƙanƙara kwana uku a Canossa a 1077 yana neman afuwa. Sylvester na 2, wanda ya hau a 999, ya yi karatun lissafi a Kataloniya, bakin iyakar Andalus, inda ilimin Larabawa ke kwarara.

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. Akwai wani malami matafiyi, al-Hasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai wa Leo na 10, wancan dai da ya kori Luther. Aka yi masa baftisma a 1520, Fafaroma ya ba shi sunansa, shi ne Turawa ke kira Leo Africanus. A Italiya ya rubuta bayanin Afirka da aka buga a 1550, kuma a ciki ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Tsawon zamani Turawa ta wannan littafi suka san sunayen garuruwanmu.

Ɗan_Fagge:
Ikon Allah. Wato sunan Kano ya shiga fadar Fafaroma tun kafin Lugga da shekara kusan 400.

Baba_Ritaya_Kaduna:
Yara, ni na ga Fafaroma da idona. Fabrairun 1982, zamanin Shagari, John Paul na 2 ya zo Kaduna ya naɗa sababbin firistoci. Ina ƙaramin ma'aikaci lokacin. Ni Musulmi ne, amma maƙwabcina Bakatolike ya ja ni, muka tafi a ƙasa don mota ba ta motsi. Jama'a daga Jos, daga Zonkwa, daga Makurɗi, wasu a nan suka kwana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wata tara kacal kafin nan aka harbe shi a Roma, ran 13 ga Mayun 1981, amma ga shi tsaye cikin rana da ƙurar hunturu. Daga baya muka ji ya je kurkuku ya gana da wanda ya harbe shi, Baturke Mehmet Ali Agca. Ya sake dawowa Najeriya a 1998 lokacin Abacha, Onica da Abuja, amma wannan a talabijin na gani.

Hadiza_Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Shi ne kuma na farko da ya shiga masallaci, na Umayyawa a Dimashƙ a 2001. Francis ya shiga babban masallacin Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 2015 ana tsakiyar rikici, ya kuma sa hannu a takardar 'yan'uwantaka da Shehin Azhar Ahmad al-Tayyib a Abu Dhabi a 2019.

Abu_Sumayya:
A tsakaninsu kuma akwai Benedict na 16 da jawabinsa na Regensburg a Jamus a 2006, inda ya kawo maganar wani tsohon sarkin Rumawa da ta soki Musulunci. Ba mu manta ba.

Talatu_Kafanchan:
Ya ce ya yi baƙin cikin yadda maganar ta ɓata wa Musulmi rai, kuma kafin shekarar ta ƙare ya tsaya a masallacin Sultan Ahmad a Istanbul tare da muftin birnin. Ko ya isa ko bai isa ba, ku ke da ta cewa.

Ɗan_Fagge:
Na ƙaru sosai, amma har yanzu ba a amsa min ba. Gawa a kotu, sayar da kujera, Fafaroma uku lokaci guda, rabin mabiya sun ɓalle. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya kashe daula. Me ya riƙe ta?

Malamin_Tarihi_Zariya:
Ra'ayina ne wannan, ba hujja ba. Abin da kake gani rauni, ni shi nake gani ƙarfinta. Gidan sarauta yana ƙarewa in aka rasa ɗa, ko ya faɗa hannun jariri, ko 'yan'uwa su yaƙi juna. Nan kuwa ba gidan da zai ƙare. Mugu in ya hau, yawanci dattijo ne, 'yan shekaru zai yi ya tafi, kuma ba ya iya bar wa ɗansa. Borgia ya tara wa Cesare ƙasa da runduna, uban na mutuwa komai ya watse cikin 'yan shekaru. Na biyu, kujerar ba ta dogara da ƙasa ba. Faransawa sun kama Pius na 6 ya mutu a tsare a 1799, mutane suka ce shi ke nan. A 1800 kadinal-kadinal suka taru a Venis suka zaɓi Pius na 7. Napoleon ya tsare shi ma daga 1809 zuwa 1814, ya fito ya koma Roma, Napoleon ya ƙare a tsibiri. A 1870 sojojin Italiya suka ƙwace Roma daga hannun Pius na 9, mulkin ƙasa na sama da shekara 1,000 ya tafi. Abin da yarjejeniyar Lateran ta 1929 ta bar musu hekta 44 ne kacal. Amma muryar Fafaroma ta fi kai nesa yanzu fiye da lokacin da yake da sojoji da haraji.

Bulus_Jos:
Malam, ka manta da tsari. Daga Roma zuwa dayosis, wato yankin bishop, zuwa cocin ƙauye, sarƙa ɗaya ce, Fafaroma ke naɗa bishop-bishop. Ga makarantu ga asibitoci. Mu da muka ɓalle mun rabu gida dubu, su suna nan a dunƙule. Wannan na yarda da shi ko da ban yarda da koyarwar ba.

Katakis_Malumfashi:
Ku kuna neman dalili a siyasa, mu kuwa namu yana Matiyu 16:18, inda Yesu ya ce wa Bitrus a kan wannan dutse zai gina ikilisiyarsa. In da dabarar mutane ce, da mutanen da Sarkin Gardama ya lissafa sun gama da ita tuni.

Sarkin_Gardama:
Sarautar Japan ta gado ce, kuma ita ma tana nan tun fiye da shekara 1,400. Saboda haka rashin magaji ba shi ne sirrin ba, Malam. A sake lale.

Malamin_Tarihi_Zariya:
Sarkin Japan ya daɗe ne don ƙarnoni da yawa wasu ke mulki da sunansa, shi yana gefe. Wanda ba ya riƙe da takobi ba a cika zuwa ƙwace masa ba. Kusan maganata ta biyu ka maimaita.

Ummu_Hanan:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. In ya tsufa ya kasa, tsige shi ake yi?

Talatu_Kafanchan:
A dokar ikilisiya ba mai tsige shi, Hajiya, sai dai ya sauka da kansa. Benedict na 16 ya yi haka a Fabrairun 2013, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, ya zauna a cikin Batikan har ya rasu ran 31 ga Disamban 2022. Kafin shi sai ka koma 1415, Gregory na 12, shi ma don a kashe waccan rigimar ta mutum uku ne. Mafi yawa a kai suke mutuwa. Pius na 9 ya haura shekara 31, John Paul na 1 kwana 33 ya yi a 1978, Urban na 7 kuma kwana 13 a 1590, zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi tun ba a yi bikin naɗinsa ba.

Mai_Shayin_Kwana:
Sauro har Fafaroma? To mu su wa.

Ɗan_Fagge:
Malamin Tarihi, na ji bayaninka, amma ban sauka daga zargina duka ba. Ka ce an hana sarakuna sa baki tun bayan 1903. Hana aika saƙo a fili daban, hana waya kafin a kulle ƙofa daban. Mutum 133 da suka fito daga ƙasashe masu gwamnati da buƙatu, a ce ba wanda aka yi wa raɗa a kunne? Malama Talatu, kafin su shiga ɗakin nan, kwana nawa suke yi suna ganawa a waje, kuma wa ke halarta?